Wannan Motar Fara Ce

Masu turo min saƙo kuna tambayar ina hotunan biki, ku yi haƙuri, babu hotuna. Akwai dai bidiyo guda biyu, kuma babu wanda za ku so ku nuna wa iyayenku a ciki. Ku gyara zama in gaya muku yadda aka yi. Amma tun yanzu ku sani, duk wadda ta shigo ta rubuta min "ai da kin yi haƙuri", toshe ta zan yi ko gaisawa ba mu yi ba.

Sunana Jampa, shekarata ashirin da takwas, bakanikiya ce ni a wani ƙauye cikin gonakin rake a Suphan Buri. Garejin a gaban gidanmu yake, filin kuma na Yai ne, kakata ta wajen uwa. Babana ya shekara talatin yana shaƙar hayaƙin dizal a wurin, huhunsa ya ƙare tun bai kai sittin ba. Ranar da aka ƙona gawarsa muka dawo daga haikali, Yai ta ciro makullin garejin daga cikin rigarta, yana ɗaure da jan zare, ta ɗora min a tafin hannu amma ba ta saki ba.

"Sharaɗi ɗaya ne, 'yar nan. Ba a yanke tukunya a garejin nan. Ubanki bai yanke ba, ke ma ba za ki yanke ba."

Na ce na ji, na kuma rantse.

Ga waɗanda ba su san mota ba, a jikin salansar kowace akori-kura ta zamani akwai wata tukunyar ƙarfe mai tare baƙin hayaƙi kafin ya fita. Samarin garinmu ba sa ƙaunarta. Sai su sa a yanke ta, a toshe bututun da ke mayar da hayaƙi cikin inji, a taɓa ƙwaƙwalwar motar ta dinga zuƙar mai kamar ba gobe. Mota ta ƙara ƙarfi, ta dinga fito, idan aka taka totur ta turnuƙe titi. Na iya aikin fiye da duk masu yin sa a gundumar nan, amma shekara uku ina korar masu zuwa nema.

Sai Pi Wirot ya shigo rayuwata da baƙar motarsa. Pi nake ce masa, wato yaya, shi kuma yana ce min Nong, wato ƙanwa.

Iyayensa ke da manyan motocin ɗaukar rake na yankinmu. Dogo ne, yana da wushirya, kuma bai taɓa yamutsa fuska don ya ga baƙin mai a farcena ba. Kullum da rana tsaka sai ya zo da madara mai ƙanƙara a leda, ya tsugunna ya leƙo ƙarƙashin mota.

"Nong Jampa, fito ki sha kafin ta narke. Motar ba guduwa za ta yi ba."

Kun san mu mata. Namiji ya riƙe mana sifana sau biyu, shi ke nan mun fara zaɓar sunan 'ya'ya. Mae, mahaifiyata, ta fi ni rawar kai. Duk safiya tana dama shinkafa tana mita.

"Sa'o'inki duk sun yaye na biyu, ke kina nan kina warin gas. Yaron nan ya fi ƙarfinki, ki riƙe shi da hannu biyu kafin ya farka."

Shekara biyu yana zuwa kafin ya roƙe ni abin. Bai matsa ba, wannan kam ba zan yi masa ƙarya ba. Cewa kawai yake abokansa na yi masa dariya, budurwarsa ce gwanar gari amma motarsa tana tafiya kamar ta kai gawa. Ya ce in na ƙi, zai kai wa wasu a birni, su kuma ɓata inji suke yi. Ranar da Yai ta tafi haikali za ta yini can da sauran tsofaffi, na ja ƙofar gareji na rufe, na ɗauko injin yanka. Awa uku na yi. Na cire tukunyar na naɗe a buhu na ɓoye a saman rufi, na yi masa walda mai kyau, sannan na sa masa ɗan madanni a ƙasan sitiyari. In bai danna ba, hayaƙin kaɗan ne. In ya danna, ko rana sai ta ɓace.

"A filin tsere kawai, Pi. Ka yi min alkawari."

"Na rantse da kan uwata."

Ranar ce kuma na liƙa masa sitika. Wani mai duba ya gaya wa uwarsa baƙar mota ba ta dace da ranar haihuwarsa ba, to maimakon a sake fenti sai a yi yadda kowa ke yi, a liƙa rubutu a baya. Tasa cewa take: WANNAN MOTAR FARA CE. Ina cikin liƙawa ya yi min cakulkuli, sitikar ta karkace, kusurwa ɗaya ta naɗe. Na ce bari in ɓare in gyara, ya ce a'a, a bar ta haka ya dinga tuna ni.

Saura wata ɗaya biki aka kira ni daga asibiti.

Yai tana gasa ayaba a bakin titin haikali, sana'arta ce tun ban zo duniya ba, kuma duk mitar Mae ta ƙi bari. Tana sa malafa, ta rufe fuska da ƙyalle saboda rana. Masu shagon kusa suka ce wata akori-kura ce ta rage gudu daidai kekenta, ta sake mata hayaƙi a fuska, ta ƙara gaba. Dama tana da asma. Da na isa na same ta da robar iska a hanci, ƙirjinta yana kuka, gefen idonta duk baƙi. Na sa tsumma da ruwan ɗumi ina goge mata cikin kunne, baƙin yana fitowa. Kwana shida ta yi a can.

Pi Wirot ya zo rana ta biyu da kwandon 'ya'yan itace mai ƙatuwar ribom. Ya durƙusa a gefen gado ya haɗa hannu ya gaishe ta.

"Yai, in na kama ɗan iskan nan, da hannuna zan karya masa ƙafar da yake taka totur."

Har kuka na yi don daɗi. Ku yi min dariya, na cancanta.

Saura kwana goma sha ɗaya, ina cin taliya a bakin gareji da rana, waya ta yi ƙara. Gurup ɗin 'yan tsere ne, wanda shi da kansa ya sa ni a ciki tun lokacin da na yi masa aiki, ban taɓa cewa uffan ba har suka manta da ni. Amininsa Sanit ne ya turo bidiyo, ya rubuta a ƙasa: "Tuna baya, ranar gasa tsohuwa."

Daga motar da ke biye aka ɗauka. Tun kafin in ga komai na ji fiton, kuma bakanike ba ya ɓatan muryar injin da ya gyara. Sai ga baƙar mota ta rage gudu. Ga keken ayaba, ga malafa. Ga sitika a karkace, kusurwa ɗaya a naɗe. Hayaƙi ya rufe komai, Sanit yana dariya har yana tari, ta gefe kuma ana hango malafar tana gangarawa cikin kwata.

Minti biyu bai cika ba bidiyon ya ɓace. Sai saƙon Pi Wirot:

"Kai mahaukaci ne? Jampa tana cikin nan!"

Shi ma ya ɓace. Amma wayata ta riga ta adana. Can sai ga shi ya biyo ni ta gefe.

"Nong, kin ci abinci?"

Na kalli taliyar da ta huce a cinyata. Na rubuta: "Tun safe ina ƙarƙashin mota, yanzu na ɗauki waya. Na yi kewarka." Har da hoton zuciya na sa masa, guda uku.

Ban yi kuka ba. Na tsane shi, kuma ina son ku ji da kyau, ba haushi ba ne, tsana ce. Ba hayaƙin ne ya fi ci na ba. Kwandon nan ne mai ribom.

Na sami Mae a falo ta baje kayan rabon biki a tabarma, ƙananan tawul da aka naɗe kamar zomaye, tana ɗaura musu kati mai sunana da nasa. Na miƙa mata wayar. Ta kalla har ƙarshe, ta kife ta a ƙasa, ta ɗauki wani zomon.

"Bai san ita ba ce. Fuskarta a rufe take."

"To da wata tsohuwar ce fa, Mae? Kakar wasu ce sai ya halatta?"

"Kar ki ɗaga min murya. Ƙuruciya ce, aure zai gyara shi. An raba kati, an gayyaci sufaye tara, an gama cinikin aladun yanka. Kina son in shiga kasuwa da wace fuskar?"

"Zan gaya wa Yai."

Sai ta ɗago ta dube ni, irin duban da uwa kaɗai ta iya.

"Je ki gaya mata. In ta tambaye ki wa ya yanke masa tukunyar, sai ki ce me? Kina tsammanin ban ji ƙarar injin yankan ba ranar? Ni na yi shiru, ke ma ki yi shiru. Tsohuwar nan numfashinta da ke yake tafiya, kar ki ƙarasa ta."

Nan ta kama ni. In na yi magana, Yai za ta san na karya rantsuwa. In na yi shiru, zan kwana gado ɗaya da shi har in mutu. Na tashi na koma gareji, na zauna a kan tsohuwar taya ina kallon hoton Babana a bango har kwanon taliyar ya cika da tururuwa.

Shi da kansa ya kawo min mafita, saura kwana biyu.

Ya zo da motar an wanke ta tana sheƙi. Ya ce ita za ta ja ayarin ango, za a ɗora mata lasifika da bishiyoyin ayaba da rake a baya, Sanit zai tuƙa, shi da iyayensa da masu ɗauke da tire za su biyo a ƙafa daf da ita ana rawa.

"Ki duba min ita, Nong, ki kashe madannin nan gaba ɗaya. Uwata za ta sa silikin da ta yi oda tun bara, in ɗigon baƙi ya taɓa shi na mutu."

Ashe ya san hayaƙi yana ɓata abu. Ashe ya san a bayan mota mutane ne.

"Ka bar min ita zuwa yamma," na ce. "Amma ina da roƙo. Ina ɗaki a sama, ba zan ga isowarku ba. In kun zo ƙofar gida, aka yi guɗa sau uku, Sanit ya taka min totur sau uku har ƙasa. In ji muryarta in san angona ya iso."

Ya yi dariya har wushiryar ta fito. "Amaryar bakanike ke nan! An gama."

Na kashe madannin kamar yadda ya ce, ban yi masa ƙarya ba. Sai dai a kunne na bar hayaƙin kafin in cire wayar madannin. Na zauna da kwamfuta na lallaɓa ƙwaƙwalwar yadda in ana tafiya a hankali ba za a ga komai ba, sai an taka da ƙarfi. Bakin salansar kuma, wanda da yake kallon ƙasa, na ɗan ɗaga shi daidai ƙirjin mutum. Ban taɓa yin walda mai kyan ta ranar ba.

Ranar biki tun da sassafe sufaye suka yi addu'a suka ci abinci suka tafi. Aka naɗe ni cikin siliki ruwan zinare, kafaɗa ɗaya a buɗe, aka tattare gashina aka soka furanni, mai kwalliya ta yi ta fama da farcena har ta haƙura ta liƙa min na roba. Na ce ba wanda zai zauna da ni a ɗaki sai Yai. Na rufe tagogi, na ja labule, na kunna na'urar sanyi, na tura tawul a ƙasan ƙofa.

"Wannan rufe-rufen fa?" in ji Yai. Tana zaune a bakin gado da 'yar tukunyar iskar numfashi da aka sallamo ta da ita daga asibiti, farin zaren da za ta ɗaura mana a hannu yana cinyarta.

"Ƙura, Yai."

An tsayar da isowar ango ƙarfe tara da minti tara. Tun daga kwanar haikali nake jin dogayen ganguna. Na ɗaga gefen labule. Ga motar a gaba tana tafiya kamar amarya, ganyen ayaba yana kaɗawa. Ga Pi Wirot a bayanta cikin farar riga mai maɓallan zinare, furanni a hannu. Ga uwarsa, Mae Bunruan, cikin silikin bara, gashi an tayar da shi sama kamar tulu. Ga 'yan mata da tiren kayan zaƙi da kan alade, ga gwaggwanni suna rawa da lema. Danginmu suna can ciki bakin matakala riƙe da sarƙoƙin da ake tare ango da su sai ya biya ya wuce, nesa da titi, don ni na ce a matsar da su saboda rana.

Na buɗe gurup ɗin biki, wanda ke da dangina da nasa mutum ɗari da wani abu. Na ɗora bidiyon, na sa yatsa a kai ina jira.

Mai guɗa ta rangaɗa sau uku, jama'a suka amsa. Sanit ya taka.

Ban san yadda zan kwatanta muku ba. Ango dai ya ɓace. Sanit yana gaba, lasifika a kunnensa, bai san me ke faruwa a baya ba, ya taka na biyu. Aka fara ihu, shi ya ɗauka murna ce, ya taka na uku ya riƙe. Na ji tire yana faɗuwa, na ga kan alade ya gangaro daga cikin baƙin ya tsaya a bakin kwata. Na danna tura.

Da iska ta ɗauke hayaƙin, babu fari ko ɗaya a titin. Mae Bunruan tana durƙushe tana tari, gashin ya rushe gefe guda. Pi Wirot ido da haƙori kawai ake gani. Sai wayoyi suka fara ƙara, ɗaya bayan ɗaya, daga titi har cikin gidanmu, dariyar Sanit tana fitowa daga kowace jaka. Na ji daɗi, ba zan ɓoye muku ba. Daɗin da na ji har cikin haƙorana.

Amarya ba ta fitowa sai an zo an ɗauko ta, amma ni na buɗe ƙofa na tsaya a saman matakala. Ya ture sarƙoƙin ya shigo tsakar gida, yana barin sawun baƙi a kan tabarmar da aka shimfiɗa.

"Jampa! Uwata ce a wurin! Uwata!"

"Ai ba ka san ita ba ce, Pi. Fuskarta a rufe take."

Mae ta kama bakin zanena tana raɗa, "Kin kashe ni, kin kashe ni." Ban ko kalle ta ba. Sai na ji ƙarar ƙafar tukunyar iska a kan katako a bayana. Yai ta fito, wayar wata gwaggo a hannunta, bidiyon yana ta maimaita kansa. Ta kalli malafarta tana gangarawa sau biyu, sannan ta dube shi.

"Kai ne mai kwando."

Ya haɗa hannu zai durƙusa, sai ya fasa. Na ga lokacin da abin ya faɗo masa, kuma na san zai faɗa, tun ranar da na ɗaga salansar na sani.

"Ni ne, Yai. Amma ki tambayi jikarki wa ya yanke tukunyar. Ki tambaye ta wa ya sa min madannin. A garejin nan aka yi, ranar da kina haikali. Tukunyar tana saman rufi a buhu, a hau a duba!"

Yai ba ta ce a hau ba. Ni ta juyo ta kalla.

"'Yar nan?"

Na shirya amsoshi kala-kala cikin kwana goma sha ɗaya. Na watsar da su duka.

"Ni ce, Yai."

Ta gyaɗa kai a hankali. Ta leƙa titi, inda wata yarinya mai ɗaukar tire take zaune a ƙasa ana yi mata fifita, ana neman wanda ke da maganin shaƙa. Ban san da ita a lissafina ba, ban ma san sunanta ba.

"Shi sau ɗaya ya taka," in ji Yai. "Ke sau uku."

Ta zare robar daga hancinta, ta miƙa wa gwaggo tukunyar iskar ta ce a kai wa yarinyar. Sannan ta sauka matakala ita kaɗai, tana dafa bango, ƙirjinta yana wannan kukan. Ba wanda ya iya tare ta. Ta ratsa ta gaban ango kamar ba mutum a wurin, ta shiga gareji, ta ɗauko hoton Babana daga bango ta rungume. Ta ja ƙofar ƙarfen da kanta har ƙasa, ta datse kwaɗo, ta zare makullin mai jan zare ta mayar cikin rigarta, inda ta ciro shi shekara biyar da suka wuce.

Auren ya mutu, kuma ko yau aka dawo da ni safiyar nan zan sake ɗaga salansar. Wannan ba na nadamarsa. Amma yau kwana tara ke nan garejin yana kulle. Ina kai wa Yai abinci, tana karɓa, tana cewa "na gode" kamar yadda take gaya wa mai sayen ayaba. Tun ranar ba ta ƙara ce min 'yar nan ba.